Firam Ɗin Keken Alminiyam Ya Tsage: Yadda Ake Gyara Shi Daki-Daki

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 keke ya dawo titunan Katsina da Daura da ƙarfinsa. Sai dai yawancin waɗanda ake saye yanzu ba irin Raleigh da Phoenix na iyayenmu ba ne. Kekunan gwanjo ne marasa nauyi, masu giya, kuma da yawansu firam ɗinsu na alminiyam ne. Shi ya sa tambaya ɗaya take ta maimaituwa daga masu karatu: firam ya tsage, a kai wa mai walda ko a haƙura?

Amsar ta dogara da inda tsagar take. Alminiyam yana waldawa, amma zafin waldar da kansa yana raunana bututun da ke kewaye da ita, saboda haka akwai wuraren da gyara ke riƙewa, akwai kuma inda gyaran tarko ne ga mai hawa. Ga yadda aikin yake bi da bi.

1. Tabbatar alminiyam ne, ka san irinsa

Ɗauki maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ne, ka kara a bututun. In ya manne, ƙarfe ne, kowane ƙwararren mai waldar gas zai iya da shi, wannan jagorar ba taka ba ce. In bai manne ba, kuma waldar mahaɗan tana da kauri da faɗi, alminiyam ne. In bai manne ba kuma babu alamar walda ko kaɗan a mahaɗan, ka ƙwanƙwasa ka ji sauti irin na roba, to kabon ne, wato zaren kabon da aka daskarar da gam, kada wuta ta kusance shi.

Daga nan nemi takardar da aka manna a bututun sirdi ko a babban bututun ƙasa. Galibi za ka ga lamba ɗaya cikin biyu: 6061 ko 7005. Rubuta ta, domin ita za ta faɗa maka sandar waldar da za a saya da kuma abin da zai faru bayan an gama. In takardar ta goge, ɗauke shi a matsayin 6061, shi ne ya fi yawa kuma shi ya fi buƙatar taka tsantsan.

2. Gano tsagar daga farkonta har ƙarshenta

Wanke firam ɗin da ruwa da sabulu, ya bushe, ka fito da shi rana. Ba kowane layi ne tsaga ba. Ƙarzuwar fenti takan tafi a miƙe, ita kuwa tsaga tana karkacewa, sau da yawa tana bin gefen walda, kuma za ka ga wani baƙi-baƙi na fitowa daga cikinta. Wannan baƙin garin alminiyam ne da gefunan biyu suke gogewa in ana tafiya. Wata alamar ita ce ƙara mai cewa ƙyas-ƙyas duk lokacin da ka taka feda da ƙarfi, wadda ba ta ɗaukewa ko an zuba giris ko'ina.

Goge fentin wurin da samfefa, kamar santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe. Sai ka yi gwajin kananzir da alli. Shafa kananzir a wurin, ka bar shi minti 15 ya shige, ka goge saman tas da tsumma. Daka alli ya yi laushi, ka dama da ɗan ruwa, ka shafa siriri ka bari ya bushe. Kananzir ɗin da ya maƙale cikin tsagar zai tsotso waje ya zana maka ita a kan farin allin. Kusan kullum za ka tarar ta fi yadda ido ya gani tsawo. Sa alama da biro mai kauri a ƙarshenta biyu.

Gargaɗi: kada ka cire fenti da sodar sabulu. Tana cin alminiyam. Kada kuma ka ƙona fentin da wutar gas.

Tun da ka riga ka zauna, duba sauran wuraren da firam ya saba tsagewa: ƙasan wuyan keke inda babban bututu ya haɗu da shi, bakin bututun sirdi, kewayen gidan boris ɗin feda, ƙafafun baya na ƙasa kusa da inda taya ke wucewa, bakin da aksul ɗin baya ke shiga, da ramukan ɗaura gorar ruwa.

3. Yanke hukunci: a gyara ko a bari

Nan ne aikin yake, sauran duk aiwatarwa ce. Alminiyam yana gajiya. In ka ɗauki waya kana lanƙwasa ta gaba da baya, ba lanƙwasa ɗaya ke karya ta ba, taruwarsu ce. Haka firam yake tara kowane rami da kowane tudun rage gudu da ya taka, kuma keken gwanjo ya riga ya yi shekarunsa a wata ƙasa kafin ya iso hannunka. Tsagar da ta fito ba tare da haɗari ba tana nuna cewa wurin ya gaji, wataƙila ma ba shi kaɗai ba.

Kada a gyara in tsagar tana wuyan keke, ko a mahaɗin wuya da babban bututun ƙasa, ko mahaɗinsa da bututun sama. Kada a gyara fok, wato ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba, haka kan keke da sandar sirdi. Waɗannan sauya su ake yi. Dalili shi ne in gaban keke ya rabu ana cikin tafiya, mutum da fuska yake sauka, kuma alminiyam ba ya yin gargaɗi da lanƙwashewa, ɓallewa yake yi gaba ɗaya. Haka nan a haƙura in tsagar ta zagaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na bututun, ko in an sami tsaga a wuri biyu ko uku, ko bututun ya lotse ya tattare saboda karo, ko ya yi farin gari da ƙananan ramuka na zaizayewa.

Abin da ake iya gyarawa: tsagar bakin bututun sirdi, gajeriyar tsaga a ƙafafun baya, ɗan ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya biyu, wurin ɗaura kariyar ɗaukar kaya, da gajeriyar tsaga a gefen waldar gidan boris. In ɗaya daga cikin waɗannan ya sake buɗewa, keken zai fara rawa da ƙara, ka sami damar tsayawa.

Wani abu da ke tsorata mutane a banza: ɗan kunnen da giyar baya ke rataye a jikinsa. A yawancin kekunan alminiyam da ƙananan notina aka ɗaura shi, an kuma yi shi ne don ya karye maimakon firam. In shi ne ya karye, kwance shi ka tafi da shi kasuwa a nemo mai siffarsa. Ba aikin walda ba ne.

4. Lissafin kuɗi kafin a kwance komai

Abubuwa biyar za ka biya: kuɗin mai gyaran keke na kwancewa da mayarwa, kuɗin mai walda (a ciki akwai agon, wato gas ɗin da ake waldar da shi, da man janareto in babu wuta), kayan gogewa da wankewa, fenti, da kuɗin mota in sai an kai firam ɗin Kano. Haɗa su wuri ɗaya. Sannan ka zagaya wajen masu sayar da kekunan gwanjo ka tambayi kuɗin firam zalla mai girman naka. In kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin wani firam lafiyayye, sayi firam ɗin ka mayar da kayanka a kai. Kafin ka biya, auna faɗin bututun sirdi, da faɗin tsakanin ƙafafun baya (milimita 130 ko 135 a yawancin irin waɗannan kekuna), da girman taya, don kayanka su shiga.

Firam ɗin da aka yanke wa hukuncin haƙuri, 'yan gwangwan suna sayensa a kan kilo, kuma alminiyam ya fi ƙarfe kuɗi. Yanka shi gida biyu da zarto tukuna, kada wani ya tsince shi ya shafe tsagar da fenti ya sayar wa ɗan makaranta.

5. Neman mai waldar da ya dace

Mai waldar ƙofa da taga na bakin titi ba zai iya ba, ko da ya ce zai iya. Injinsa na sandar lantarki zai huda bututun nan take, domin kaurin bangonsa milimita 1 zuwa 2 ne kawai, a tsakiyar wasu ma bai kai 1 ba. Waldar gas ta kabaid ma ba ta dace ba. Tana dumama wuri mai faɗi, kuma alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke, sai dai kawai ka ga ya zube.

Abin da ake nema shi ne wadda ake kira waldar agon, wato TIG. A nan ma akwai inda ake tuntuɓe. Masu yin ƙarfen bene da na baranda mai ƙyalli suna da injin agon, amma yawanci DC kaɗai yake bayarwa, wato wutar da ke tafiya ta fuska ɗaya. Alminiyam sai da AC, wato wutar da ke kai da komo. Dalilin kuwa shi ne a saman alminiyam akwai wata siririyar fata wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, alhali shi kansa a digiri 660 yake narkewa. Wutar AC ce ke farfasa wannan fatar yayin da ake walda. Saboda haka nemi masu gyaran rim ɗin mota na alminiyam, ko masu toshe kaskon injin babur da lagireto da bututun na'urar sanyaya mota. Masu gyaran babur na unguwarku sun san wanda suke kai wa.

In ka je, bayan gaisuwa, tambayoyi uku sun isa: "Maigida, injin naka yana da AC? Wace lambar sanda kake aiki da ita? Ka taɓa walda bututu siriri irin wannan?" Sai ka miƙa masa guntun bututun wani mataccen firam ka ce ya gwada a gabanka. Mai hannu ba ya jin haushin wannan. In ya huda guntun sau biyu, yi masa godiya ka ɗauki firam ɗinka.

Sanda iri biyu ake samu, 4043 da 5356. In firam ɗin 7005 ne, 5356 za a sa. In 6061 ne, kowacce tana yi. 4043 ta fi gudu da sauƙin sarrafawa, 5356 ta fi ƙarfi. Kaurin milimita 1.6 ya fi dacewa.

Gargaɗi: kada a yarda a yi ciko da wayar lantarki ta alminiyam, ko guntun tukunya, ko yankakken gwangwanin lemo. Kada kuma a yarda da sandunan nan da ake tallatawa a intanet masu narkewa da ƙaramar wutar gas a wajen digiri 400. Akasarin abin da ke cikinsu tutiya ce, suna toshe ramin da ke yoyo, ba sa ɗaukar nauyin mutum a kan hanya mai gargada.

6. Kwance keken gaba ɗaya

A cire tayoyi, cen, giya, birki da wayoyinsu, sirdi da sandarsa, feda da boris ɗinta. Zafi yana gudu cikin alminiyam da sauri, zai narkar da roba da giris da ke nesa da wurin waldar. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance, musamman yadda wayoyin giya suka bi.

Wurare biyu suna da zaren hagu, nan ake yawan lalata firam da sifana. Fedar hagu tana kwancewa ne in ka juya ta yadda hannun agogo ke tafiya. Haka kofin gidan boris na ɓangaren cen a yawancin kekuna. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton tsatsa ce, har ya cinye zaren, alhali zaren alminiyam ba ya jure wannan.

Kafin a taɓa wuta, yi awon zare ka rubuta. Ɗaura zare a bakin aksul na baya na dama, ka zagayo da shi ta gaban wuyan keke, ka dawo ka ɗaure a na hagu, ya yi tsam. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Auna kuma faɗin tsakanin ƙafafun baya. Da waɗannan lambobin za ka gane ko walda ta ja firam ɗin.

7. Huda ƙarshen tsagar, a buɗe mata baki

Da injin huda da ƙaramin baki na milimita 2 zuwa 3, huda rami a kowane ƙarshen tsagar, ɗan gaba kaɗan da inda alamar biro take. Fara sa ɗigo da ƙusa mai tsini don kada bakin ya zame. Ramin yana hana tsagar ci gaba. In an tsallake wannan, za a rufe ta da walda, ita kuwa ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashi ta ɓullo gaba.

Sai a bi tsagar da siririn magagari a buɗe ta ta zama kwari mai siffar V, zurfinsa kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na kaurin bangon. In tsagar cikin tsohuwar walda take, a cire tsohuwar waldar wurin har sai an isa lafiyayyen ƙarfe. Da hannu ake wannan. Garanda tana cinye bango mai milimita 1.5 cikin ƙiftawar ido, kuma faifan da ya taɓa yankan ƙarfe yana cusa ƙurarsa cikin alminiyam.

8. Tsabta

Sau da yawa in waldar alminiyam ta lalace, datti ne sanadi. Kananzir ɗin da ka yi gwaji da shi yana nan cikin tsagar, giris yana cikin bututun, musamman bututun sirdi da gidan boris. Duk za su tafasa su bar ƙananan ramuka cikin waldar.

Bi wannan tsarin, kada ka juya shi. Na farko, wanke ciki da waje da asiton a farin tsumma mai tsabta, kana sauya tsumma har ya daina yin baƙi. Ana samun asiton wajen masu sayar da kemikal da fentin mota. Na biyu, goge wurin da sabon burushin waya na ƙarfe mara tsatsa wanda bai taɓa wani ƙarfe ba. Na uku, sake shafa asiton, ya bushe. In ka fara da burushi, maiƙon kake turawa ciki. A yi walda cikin sa'a ɗaya ko biyu da gogewa, domin fatar nan tana sake tsirowa. In launin firam ɗin ba fenti ba ne, rini ne da ya shiga jikin ƙarfen, shi ma sai an goge shi da samfefa har farin ƙarfe ya fito.

Gargaɗi: asiton yana kama wuta, a rufe kwalbar a fitar da ita da tsummokaran kafin a kunna inji. Kada a yi wankin da fetur. Kada kuma a fesa maganin wanke birki na gwangwani; wasu irinsa in hasken walda ya taɓa su suna fitar da iskar guba mai kisa.

9. Waldar kanta

A yi ta cikin shago, a kashe fanka, a tare ƙofa. Agon ne ke lulluɓe narkakken ƙarfen daga iska, kuma iskar hunturun Katsina, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana kwashe shi ta kuma zuba ƙura. Waldar da aka yi a fili a irin wannan lokacin baƙa take fitowa, mai ramuka.

Ga saitin da za a fara da shi, a gyara bayan gwaji a kan guntun bututu: wutar AC, agon zalla lita 7 zuwa 10 a minti, tsinken tangistin (wanda wutar ke fita ta bakinsa) milimita 1.6 ko 2.4, da kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ɗaya ta kauri, wato wajen 60 ga bango mai milimita 1.5. Mahaɗin siririn bututu da gidan boris mai kauri yana son ƙari, a kuma karkata wutar wajen mai kaurin. A maƙala wayar at, wato wayar injin mai abin matsewa, a jikin firam inda aka goge fenti, kusa da wurin aiki. Bututun da ke rufe ta ko'ina yana buƙatar ɗan ramin shan iska. Yawanci akwai shi tun daga kamfani, a tabbatar bai toshe ba.

In kusa da gidan boris ne, a ɗaura tsofaffin kofunan ƙarfe marasa roba a cikin zaren don kada ya karkace. In ƙafafun baya ne, a ɗaura tsohon aksul da notinansa a daidai faɗin da ka auna.

A fara da ɗigo biyu ko uku don riƙe tsagar. Sai a faro daga ɗan bayan rami na farko, a bi da sauri ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba, a wuce rami na biyu da kamar milimita 5. A ƙarshe kada a ɗauke wuta farat ɗaya. A rage ta a hankali ana ƙara ciko har gurbin ya cika, domin gurbin da aka bari a lotse nan sabuwar tsaga ke farawa. Bi ɗaya mai kyau ya fi bi uku. Kowane ƙari yana ƙara dafa bututun. In dole sai an sake bi, a jira har hannu ya iya taɓa wurin.

Gargaɗi: kada a zuba ruwa don ya huce da wuri. A bar shi ya sha iska da kansa. Kai mai kallo kuma ka juya baya, hasken waldar alminiyam yana ƙona ido da fata fiye da yadda ake zato.

Kyakkyawar walda fara ce mai sheƙi, ta ɗan taso, gefunanta sun narke sun shige jikin bututu ba tare da kwari ba. In ta zauna a sama dunƙule-dunƙule, ba ta kama ba, a cire a sake.

10. Ƙara majingini

Firam ɗin 6061 daga kamfani an gasa shi bayan walda: a kai shi wajen digiri 530, a tsoma a ruwa, a miƙar da shi, sannan a sake gasa shi a digiri 175 na kimanin sa'a 8. Wannan gashin ne ke ba shi ƙarfinsa. Sabuwar walda tana warware shi a faɗin kamar santimita 2.5 ta kowane gefe, wurin ya rasa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfinsa. Shi ya sa firam ɗin da aka gyara ba a kan waldar yake sake tsagewa ba, a gefenta ne. Tandar burodi ko wutar gas ba sa maye gurbin wancan gashin, ɓata sauran firam ɗin kawai za su yi.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne ƙara kauri. A yanko faci daga bututun mataccen firam, mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, a lanƙwasa shi ya kwanta a kan wurin, ya wuce waldar da aƙalla santimita 3 ta kowane gefe. Bakunansa su zama masu tsini ko zagaye, ba yankan kai tsaye ba. A walda shi ta gefunansa da ke bin tsawon bututun, a bar bakunan. Waldar da ta zagaye bututu gaba ɗaya tana yi masa zoben rauni, nan zai karye.

Shi 7005 yana da sauƙi ta nan: yana dawo da kaso mai yawa na ƙarfinsa da kansa in an ajiye shi. A rataye shi mako 3 zuwa 4 kafin a hau.

Kada a goge walda ta yi daidai da bututu don kyau. Tudun nan ƙarfi ne.

11. In tsagar a bakin bututun sirdi take

Wannan tana yawan faruwa, kuma kusan kullum dalilinta ɗaya: dogon mutum ya sayi ƙaramin keke, ya zaro sandar sirdi har ta wuce layin iyaka da aka zana a jikinta. Wani lokaci kuma siririyar sanda aka sa aka cika da gwangwani, ko aka danne noti har bakin ya tsuke.

Sau da yawa ba ta buƙatar wuta. In tsagar tana can sama, kuma bututun ya yi saura sama da mahaɗinsa da bututun sama, a yanke ɓangaren da ya tsage da zarto, a daidaita bakin da magagari. Sai a huda rami na milimita 5 ko 6 a ƙasa, a tsaga sabuwar ƙofa daga baki zuwa ramin, a mayar da abin matsewa. Dole a bar wurin da abin matsewar zai zauna gaba ɗayansa.

In an yi walda a nan, cikin bututun zai tsuke. A gyara shi da zagayayyen magagari da samfefa da aka naɗe a sanda, a hankali, har sandar sirdi ta shiga da hannu. Kada a buga ta da guduma. A sayi doguwar sanda, milimita 350 ko 400, mai faɗin da ya yi daidai. Lambar tana rubuce a jikin tsohuwar, irin su 27.2 ko 30.9 ko 31.6. Ta shige aƙalla santimita 10, ta kuma wuce waldar da mahaɗin bututun sama. A shafa mata giris siriri. Notin matsewa da ɗan gajeren alanki ake ɗaure shi, daidai yadda sirdi ba zai juya ba.

12. In babu mai waldar agon kusa

Gam mai haɗi biyu da aka shafa a kan tsaga kawai ba ya riƙewa. Abin da ke aiki a ƙafafun baya shi ne naɗi da ƙyallen faiba (ƙyallen zaren gilas) da ruwan ifoksi, wato gam mai haɗi biyu na ruwa. A huda ƙarshen tsagar kamar yadda aka faɗa, a karce bututun da samfefa mai lamba 80 har santimita 6 ta kowane gefe, a wanke da asiton, nan take a naɗa ƙyallen da aka jiƙa da ifoksi, zagaye 5 zuwa 6, ana sauya karkatar zaren. A matse da tef ɗin lantarki, ɓangaren gam yana kallon waje, a bar shi sa'a 24. Ruwan faiba da masu gyaran bodin mota ke amfani da shi ba ya kama alminiyam sosai, ifoksi ake so. In ƙyallen kabon aka samu, sai an fara shimfiɗa faiba a ƙasa, domin kabon da ya taɓa alminiyam kai tsaye yana zaizaye shi in danshi ya shiga. Wannan dabarar ba ta halatta gyaran wuyan keke ba.

13. Dubawa, haɗawa da gwaji

Bayan ya huce, maimaita gwajin kananzir da alli a kan waldar da gefunanta. Maimaita awon zare; bambancin milimita 2 zuwa 3 tsakanin dama da hagu ba matsala ba ne. In ya wuce haka sosai, kada a taka firam ɗin ko a sa katako a banƙare shi yadda ake yi wa keken ƙarfe. Alminiyam da aka banƙare a sanyi tsagewa yake yi.

Kada ka yi gaggawar fenti. Bar wurin a buɗe wata guda don ido ya riƙa ganinsa. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. In lokacin fenti ya yi, a fara da share fagen da aka yi don alminiyam, wanda masu fentin mota suka sani, ba jan fentin ƙofa ba, sannan a fesa launi mai haske siriri. Baƙin fenti mai kauri da foti suna ɓoye sabuwar tsaga. In kuma wata rana za ka sayar da keken, nuna wa mai saye wurin. Ɓoye aibin kaya algus ne.

Haɗa keken, ka tsaya gefensa ka matse birki biyu, ka taka feda da ƙafa ɗaya da nauyinka kana saurare. Sai ka hau a fili mai laushi, a hankali, minti goma, ka sauka ka duba. Makon farko duba wurin kullum kafin ka fita, bayan nan duk mako, da kuma duk ranar da ka faɗa babban rami.

Keken da aka yi wa walda ya sauka daga ɗaukar kaya. Yawancin kariyoyin irin waɗannan kekuna kilo 25 aka rubuta musu, nauyin jarka ɗaya ke nan ta lita 25. Jarka biyu, ko buhun gero daga kasuwar Mai'aduwa, ko goyon babban mutum, aikin tsohon keken ƙarfe ne. In layi ya sake fitowa a gefen waldar, ko baƙin garin nan ya dawo, kada a sake walda a wuri ɗaya karo na biyu. A kwance kayan a mayar kan wani firam.